Ranar da Na Yi wa Allah Lissafin Damina

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina.

Mahaifina shi ke koyar da masu shirin baftisma a 'yar majami'armu, a wani ƙauye tsakanin Dogon Dutsi da Dogon Kiriya. Da idanunsa suka fara gazawa, dattawa suka ce a nemi magaji. Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini, malam ke nan da Faransanci, har na fara jin kaina wani abu. Aka ce in gwada darasi guda a gabansu, in ya yi kyau aikin ya zama nawa. Na so aikin nan ƙwarai, ba don komai ba sai don Baba ya ga bai yi asarar haihuwa ba.

Sai dai ni ɗan fari ne, kuma kun san kunyar ɗan fari a Arewa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ma haɗa kwano, in na shigo zaure sai ya tuna yana da aiki a gona. Bai taɓa daka mini tsawa ba, amma gyaran muryarsa kaɗai ya isa ya sa ni tuntuɓe a fili. Tsoronsa nake ji, har da gemuna.

Darasin da aka ba ni shi ne tushen bangaskiyarmu: Uba da Ɗa ɗaya ne tun fil azal, babu wanda ya riga wani, babu ranar rabuwa. Aka ba ni mako guda in shirya. Na ce abin da nake ji tun ina goye, wane shiri kuma? (Makon ya ƙare a gugar riga da goge takalmi.)

Bayan sujada aka zauna a rumfa. Masu koyo a tabarma, dattawa uku a kujeru, Baba a gefe da sandarsa, ya kau da kai yana kallon wata bishiyar bedi, wato dogon yaro. Na tashi na fara. Jimlar farko ta fita lafiya, daga nan kaina ya koma fanko. Sai dabarar lakwal ta faɗo mini: in magana ta cije, kawo misali daga gida. Na miƙa yatsa na nuna Baba, na ce su dube mu, ni da shi, jini guda, gida guda, gona guda, to haka Uba da Ɗa suke.

Ɗan fari ya nuna ubansa da yatsa a cikin taro! Baba bai motsa ba, amma na ga ya ƙara damƙe sandar.

A cikin masu koyon akwai Inna Lami mai daddawa, tsohuwar da ta yi rabin rayuwarta a bori kafin ta zo wurinmu. Ba ta karɓar magana sai ta ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen tukunya. Ta gyara zama ta ce:

"Mushe, ina nan anka yi armen ubanka, kuma na ci tuwon sunanka. Shina yawonai shekara da shekaru babu kai. Shin shi ma Uban haka yay yi zama shi ɗai kahin a samu Ɗan?"

Amsar a'a ce, kuma na san ta. Amma in na ce a'a, misalina ya mutu a gaban Baba. In na ce e, na rushe abin da muka taru dominsa. Zufa ta jiƙa rigar da na sha wahalar gugewa. Sai na nemi tsakiya, inda babu tsakiya.

Na ce, "To... e, Inna, amma ba da daɗewa ba."

Goron da ke hannun wani dattijo ya faɗi ƙasa. Inna Lami kuwa, da zuciya ɗaya, ta tambaye ni kamar damina nawa. (Allah Ya gafarta mini, sai da na dubi yatsuna.) A nan ne na ji abin da bakina ya faɗa, tsoro na gaske ya kama ni, ba na dattawa ba, na saɓo. Na ɗaga kai na dubi rufin rumfa ina jiran abin da zai faɗo.

Baba ya yi gyaran murya, ya dogara sanda ya miƙe. Bai dube ni ba, Inna ya fuskanta.

"Lami, ni mutum na. Na yi zamani ba ni da ɗa, kuma wata rana za ni barin shi. Allah ba haka yake ba. Tun da Uba yake, da Ɗanai yake. Babu jiyan da ba su tare, babu goben da za su rabuwa. Kak ki auna shi da ni da wanga."

"Wanga" ɗin ni ne. Amma abin da ya fi sukana shi ne jin cewa wata rana zai bar ni, domin ban taɓa kawo haka a raina ba sai da na ga yadda ya jingina nauyinsa duka a kan sandar.

Shawarar dattawa ba ta kai shan fura ba. Aka ba wani tela aikin, mutumin da ko lakwal bai gama ba. Ni kuma Baba ya aiko mini saƙo ta bakin kawuna, wai in sauko tabarma tare da masu koyo har a ƙare. Haka na zauna wata da watanni kusa da Inna Lami, in an yi bayani ta zungure ni ta ce, "Mushe, ka gane, ko in maimaita ma?"

Tun daga nan na ɗauki darasi: gara misalinka ya mutu a gaban jama'a, ka binne shi da hannunka, da ka rage wa Allah shekaru don ka cece shi.