Muciyar Kaka Ta Huta

"Lahiya lau, amarya. Ya hanya? Ke kig gaji ko mota tag gaji da ke?"

Yayana Labbo ne yake magana daga saman tsani, rabin kansa cikin silin. Amaryar tasa kuwa kakarmu ce, Delu, da na rako daga Bungudu ta ga aikin da yake yi a tsohon gidanta na Damba, cikin Gusau. Tun rasuwar kakanmu Malam Lawwali take zaune wajen Kawu Jatau, ana lallaɓa ta, ita kuwa hankalinta na ɗakinta. Kawu ya ce ba za ta koma ba sai an sake wayoyin wutar gidan kaf, don sun taɓa yin hayaƙi. In abin ya gagara, 'yan haya zai zuba. Shi ne Labbo ya rufe shagonsa a Tsafe ya zo ya duƙufa.

"Sauko in gan ka, mijin banza," in ji Kaka. "Mazan ƙwarai ƙasa suka tarbon matansu, kai ka liƙe sama kamar jemage."

"Ta'asar tsohon mijinki nika kwashewa. Wanga ba wayarin ba na, Kaka, tarko na."

"Kul! Malam da hannunai yaj ja wutar ga, tun ubanka na yawo ba wando. Wa tat taɓa ci?"

"Allah dai yat tsare. Kin san wanga?"

Ya jefo wani koren ƙyalle, bakinsa duk ya babbake. Kaka ta ɗaga shi ta duba, sai ta dafe ƙirji.

"Kallabina na Salla! Shekara da shekaru ba ni gaisawa da Uwa mai ƙosai saboda shi!"

"To ga ɓarawonki ya bayyana. Waya tas saluɓe, Malam yan naɗe ta da shi, yab bar ki kina gaba da baiwar Allah."

Kaka ta shafa wurin da ya ƙone. Daidai saman inda gadonta yake a da Labbo ya ciro shi.

"Allah shi jiƙan Malam," ta ce a hankali. "Ashe ƙarƙashin gobara nika kwana."

Amma Kaka ba ta yarda jika ya kayar da ita a magana ba tukuna. Nan da nan ta murtuke.

"Kai ma ba don Allah kay yi ba. So kaka in tare ka samu wurin cin tuwo."

"Tuwonki? Wanda in an jehi kare da shi sai ya yi ɗingishi?"

"Shi yar raine ka, mai wuya kamar na zalɓe. Kauce in gwada aikin. In wutar ba ta kama ba, auren ga ya mutu yau."

Sai ta zaro muciya daga jakarta. Duk zuriyarmu mun san muciyar nan. Malam dogo ne, da ya zo sa makunnin wuta sai ya auna da tsayinsa, ya kafa shi can kusa da saman ƙofa. Kaka kuwa ko ta yi ɗage ba ta kaiwa. Kullum yana cewa gobe zai sauko da shi, har Allah ya karɓi abinsa. Da muciyar take zungurar makunnin safe da yamma, har ta zo da ita daga Bungudu ba wanda ya lura.

Ta juya wajen ƙofar ɗakin ta ɗaga muciya ta kai zungura. Ba komai a wurin sai sabon shafen siminti.

"Ina makunnina? Ɓarawo! Ka kai shi Tsahe ka saida?"

"Sauke sandar, gajeruwa. Duba gehen kahwaɗarki."

Ga shi nan fari tas a bakin ƙofa, ga wani kuma a inda kan gadonta zai zauna.

"Da turmi nig gwada," in ji Labbo yana saukowa daga tsani, "yaz zo daidai da ke."

Kaka ta sa ɗan yatsa ta danna, aka yi sa'a akwai wuta, ɗakin ya haske. Ta kashe, ta kunna, ta sake kashewa.

"Kaka, za ki ƙone mani ƙwai."

"Bar ni, Labbo." Ta sake dannawa. "Tun da Malam yaj ja wutar ga ban taɓa kunna wutar ɗakina da hannuna ba."

Ni dai sai na ji ƙwalla, kuma ban taɓa jin daɗin yayana kamar ranar ba. Kaka ta share ido da ƙonannen kallabin ta juyo gare ni.

"Hussaina, kira Jatau. Ce shi zo shi gani, shi taho da kayana." Ta miƙa wa Labbo muciyar. "Ungo. Ka ci, ja'iri. Allah shi yi maka albarka, shi haskaka gabanka."

"Duk wahalar ga, da muciya za a sallame ni?"

"Sabuwa hul, ba ta taɓa ganin tukunya ba. Ka aje ma wadda tsautsayi zai sa ta aure ka."

Labbo ya fashe da dariya, amma sai da ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Kaka ta juya ta sake danna makunnin.