Iskar da Na Bari a Birkin Baba

Akwai ranar da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina, ranar da na yi wa surukina gyaran birki. Ni bakanike ne, shagona yana Sabon Garin Jega, na fi shekara goma ina kwance injin ban ruwa da babura. Mutane suna ce mini Injiniya, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi sai ka ce takarda aka ba ni.

Surukina (ba zan rubuta sunansa ba, ko a takarda nauyinsa nake ji) manomin albasa ne a Aliero, amma babbar gonarsa tana wajen Gumbin Kure. Da gwiwoyinsa suka fara gazawa sai ya sayi wani babur mai ƙafa huɗu ɗan Kwatano, irin mai faffaɗan tayoyin nan da rairayi ba ya kafe su. 'Ya'yansa ba su so ba. Babban ɗansa, Yaya Murtala, ya daɗe yana neman dalilin da zai karɓe makullin, a cewarsa Baba ya tsufa, ya zauna gida a riƙa kawo masa labarin gona. Shi kuwa Baba wannan babur shi ne ƙafarsa. Kowa ya san ranar da aka raba shi da shi, an raba shi da gonar da ya tashi a cikinta.

Shekara shida ina auren 'yarsa Rabi, amma magana tsakanina da shi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, ido a ƙasa, in ya ce madalla in tashi in kama gabana. Don haka ranar da Rabi ta ce Baba yana so in je in duba masa birki, ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na sayi man birki sabo, na ɗauki sifana da siririn tiyo da wata gorar roba, har da saka riga mai guga, wai ni zan je aikin maiƙo.

Da hantsi na isa. Lokacin cirar albasa ne, duk mazan gidan sun tafi gona tun da safe, Baba kaɗai na tarar a ƙofar gida yana jirana. Na buɗe ɗan ƙoƙon man da ke kan hannun babur, na ga man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Dole a fitar da shi a zuba sabo, sannan a kori iskar da ta shiga layin, abin da mu kanikawa ke kira bilidin.

Ga wanda bai sani ba, aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana matsa birki, ɗaya yana tsugune a gindin taya da sifana. Na ƙasa shi ne mai ba da umarni. Zai ce matsa, a matsa sau uku ko huɗu. Zai ce riƙe, sai ya kwance ɗan notin da ke jikin birkin tayar, mai da iska su feso cikin gora, ya ɗaure. Sai ya ɗaure tukuna zai ce saki. In na sama ya saki kafin a ɗaure, iska ce za ta koma ciki, aikin ya zama na banza. Kalmomi uku ne ke nan, kuma a shago da tsawa nake faɗarsu.

Na waiga ko zan ga wani mai wucewa, sai Baba ya naɗe hannun rigarsa ya ce shi zai matsa mini.

Jama'a, yaya zan dubi mahaifin matata in ce masa riƙe? Da wane bakin? Na tsuguna, na ce a hankali, "Baba, in ba damuwa, ko za a ɗan taimaka a ɗan matsa." Kafin in kai ƙarshen maganar ya matsa ya saki sau biyar. Na kwance noti, ya saki. Na ɗaure, ya riƙe. Shi a ganinsa taimako yake yi, yana ta matsawa yana ba ni labarin yadda albasar bana ta yi kai. Ni kuma ina kallon kumfar iska tana komawa cikin tiyo, ina cewa, "Haka ne, Baba. Ƙwarai kuwa, Baba." Sau ɗaya na yi ta maza na ce ko za a ɗan dakata. Sai ya cire hannunsa gaba ɗaya ya tsaya yana jirana cikin ladabi, notin kuwa a buɗe.

Mun fi awa guda a haka. Man da na saya ya kusa ƙarewa, rigar gugar ta koma tsumma. Da ya tambaye ni ko gyaran ya yi, na miƙe na taɓa birkin. Ya lotsa har ya taɓa hannun babur, laushi kamar burodin safe. Ya fi yadda na same shi lalacewa.

Na ce, "Ya yi, Baba."

Wannan ita ce ƙaryar. A raina na shirya cewa gobe da sassafe zan dawo da abokin aikina mu gyara ba tare da kowa ya sani ba. Ban san Baba jiran gyaran yake yi ya tafi gona ba. Ya shi mini albarka, ya hau, ya tayar, ya ce in biyo shi in ɗebo wa Rabi albasa.

Na bi shi a kan nawa babur. Duk tsawon hanyar nan ina bayansa, ina kallon farar hularsa, ina shirya maganar da zan faɗa. A kowace kwana sai in ce a ta gaba zan sha gabansa in tsayar da shi. Hanya shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ne ke rage masa gudu, sai na fara lallashin kaina cewa ƙila mu isa lafiya. Na kuma san sarai akwai gangare kafin a shiga fadamar da gonar take. Tsoron kada dattijo ya ce ban iya aiki ba ya fi ƙarfin tsoron kada ya mutu. Na daɗe kafin in iya faɗa wa kaina wannan gaskiyar.

A kan gangaren na ga hannunsa yana matsa birki, yana sake matsawa. Babur ya ƙwace. Ya bi ta kan buhunan albasar da aka jera, ya daki bakin rijiyar ban ruwa, ya kife gefe. Baba ya faɗi a kan hannunsa na dama, a gaban 'ya'yansa da 'yan ƙwadago sun fi ashirin.

Allah ya tsare kansa, amma tsintsiyar hannun ta karye. Aka zaunar da shi a inuwar rudu, rumbun karan da ake adana albasa, aka tura a ɗauko maɗori. Ban taɓa ganin Baba ya ƙanƙance haka ba. Yaya Murtala ya zare makullin ya jefa a aljihu, ransa a ɓace, ya ce ai ga abin da suke gudu. Ya nuna ni ya ce, "Ga Injiniya nan, yanzu-yanzu yag gyara birkin. Birki lahiya lau shike, hannun Baba na ba shi da sauran ƙarhi."

Baba ya dubi hannunsa kawai, ya sunkuyar da kai. Ya yarda. Da na yi shiru, da shi ke nan, sunana na Injiniya yana nan, tsoho kuma ya koma zaman zaure yana zargin tsufansa.

Ban san lokacin da na zube a gabansu ba. Na faɗi komai. Na ce birkin ba ya ci, ni na lalata shi, na kuma sani tun a ƙofar gida. Na ce kunya ce ta hana ni ce wa Baba ya riƙe. Yaya Murtala ya je ya taɓa birkin da kansa, ya lotsa. Wani ɗan ƙwadago ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa. Ni dai da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Baba ya ɗago ya dube ni, karon farko da muka haɗa ido tun da na auri 'yarsa. Sannan ya ce, "Ashe ba hannuna na ba." Ya miƙa wa Yaya Murtala hannun hagu, bai sauke ba sai da aka saka masa makullin a ciki. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kau, da ka yi man tsawa, da na yahe maka tun kahin azahar. Wanga kau sai na yi tunani."

Ya yafe, bayan wata biyu, ta bakin Rabi. Har yau yana zuwa gonarsa da kansa, sai dai hannun bai koma daidai ba, da hagu yake ɗaukar buta. Duk lokacin da na je gaisuwa nakan ga haka, ko da idona yana ƙasa.

Abin da na koya shi ne, ladabin da nake taƙama da shi rabinsa tsoro ne, kuma ba ni na biya kuɗinsa ba. Ni na ji kunyar, surukina ne ya sha ɗori.