Ranar da Na Mayar wa Alhaji Sule Rakensa Gona

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Kurmin Kogi ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta manoman fadama, kuma da ajami nake rubuta duk abin da aka tattauna, domin shi na tashi da shi tun ina riƙe allo. Boko kuwa ina taɓawa, amma kamar mai tafiya da takalmin aro.

A shekarar da ta gabata ruwa ya ƙare mana lokacin da tumatir yake tsakiyar fure. Saboda haka muka kira taro don a tsayar da lokacin dashe, kada a sake. Malamar gona da aka turo mana, Malama Rifkatu, ta zo da kwamfuta mai wata manhaja da ke nuna fadamarmu daga sama. An tara hotunan rani guda, wata bayan wata. Inda ruwa yake shuɗi ne, shuka kore, busasshiyar ƙasa ja. A ƙasan hoton akwai dogon layi da ɗan ɗigo a kansa. Idan ka ja ɗigon, sai watanni su riƙa wucewa a gaban idonka.

Kafin mutane su taru ta nuna mini sau ɗaya (ni kuwa hankalina yana kan lissafin tabarmi, kai kawai nake gyaɗawa). Ana gama gaisawa aka kira ta a waya daga ofis. Ta ce, “Baba Malam, a ɗan jira ni.” Na ce, “Je ki, 'yata, ai na gane.” Ta ce, “To, ka ja ɗigon daga farkon layi zuwa ƙarshe, a hankali.”

Farkon layi. Shekara hamsin ina fara layi daga dama. Na duba, ga ɗigon nan zaune a dama, inda ta bar shi da ta gama nuna mini. Akwai wasu ƙananan rubutu a gefe masu nuna sunan wata, amma tabarau na aljihu, kuma ban so a ga na ciro shi (Allah Ya yafe mana son a sani).

Na yi bisimilla, na ce, “Jama'a, ga farkon rani.” Ƙasa jawur, kogi kamar zare. Na ja hagu. Zaren ya yi kauri. Na ƙara ja, shuɗi ya fara malala cikin fadama. Ni kaina abin ya ba ni mamaki, amma maimakon in tsaya sai na gyara murya. Na ce ashe ruwan ƙasa ƙaruwa yake yi idan rani ya yi nisa, mu ne ba mu da haƙuri. Na ce a jinkirta dashe da wata guda. Har na kawo musu falalar haƙuri, da misalai.

Mutum biyu sun fara cewa to, tunda na'ura ce ta faɗa.

Sai Alhaji Sule, wanda ya girme ni da shekara goma kuma yake noma rake a bakin kogi, ya taso da sandarsa ya matso. Ya ɗora yatsa a kusurwar hoton.

“Malam, nan ba gonata ba ce, wajen gwiwar kogi?”

Na ce ita ce.

“Ƙara ja.”

Na ja. Wurin da yake fili fetal ya koma kore shar.

Ya ce, “Ikon Allah. Raken da na sare, na loda a mota, aka kai Makarfi, yara suka shanye, shi ne ya dawo ya tsaya? Malam, ci gaba da ja, ko ka dawo mini da haƙorana.”

Dariyar da aka yi har masu awo a bakin titi sun leƙo. Malama Rifkatu ta shigo, ta dubi kwamfutar, ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ce a hankali, “Baba Malam, daga Afrilu ka taho Nuwamba.” Ta mayar da ɗigon hagu, ta ja shi dama, muka ga ruwa yana janyewa kamar yadda kowa a wurin ya san yana yi. Aka tsayar da dashe da wuri, ba a jinkirta ba. Ni na rubuta hukuncin da hannuna, hula ta jiƙe da gumi.

Abin da na koya shi ne, a cikin kwamfuta lokaci yana komawa baya da yatsa ɗaya, har rake ya koma gona. Maganar da dattijo ya saki a gaban mutum arba'in kuwa, na duba ko'ina, ba a yi mata ɗigon da za a ja ta baya da shi ba.