Yadda Za Ka Hana Maƙwabta Aron Tabarau Har a Gama Bincike

Barka, an ɗauke ka aikin bincike a unguwarku. Wata ƙungiya ta raba wa rabin dattawa tabarau na karatu, ta bar rabi haka nan, don a kwatanta su wa suka fi ganin kafar allura da rubutun kwalbar magani. In an ga bambanci, kowa zai samu. In ba a gani ba, an rufe shirin ke nan, kuma Innarka, wadda ƙuri'a ta jefa cikin marasa rabo, za ta ci gaba da nesanta waya da fuskarta har hannu ya ƙare. Aikinka ɗaya ne: kada tabarau ya tsallaka daga wannan rukuni zuwa wancan. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sakamako tabbatacce.

1. Fara da gidanku

Zaunar da Inna, ka yi mata bayani cewa ita 'yar rukunin kwatance ce, wato gudummawarta ga ilimi ita ce kada ta gani. Za ta saurare ka tsaf, ta sa maka albarka, sannan ta tambaya ko don wannan aka kai ka makaranta. Kada ka amsa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar uwa ba ta cikin waɗanda ake amsawa.

2. Sa ido kan katanga

Gwaggo, ƙanwar babanka, tana maƙwabtaka da ku, kuma ta samu tabarau. Katangar da ke tsakani ba ta kai kafaɗa ba. Kullum da safe za ka ga hannu ya ɗago, wani ya karɓa. In ka yi magana, Gwaggo za ta ce gishiri ta miƙa. Yarda da ita. Akwai gishirin da ake rataya wa kunne, kai ne dai yaro ba ka sani ba.

3. Lallaɓi tela

Shi ma ya samu, kuma zai rantse maka bai taɓa ba kowa aro ba. Gaskiya ya faɗa. Ajiye shi kawai yake yi kan keken ɗinki in zai yi barcin rana, in mai gyaran rediyo ya zo ya ɗauka ya mayar, wannan tsakaninsu da Allah ne. Gode masa, ka fita da sauran mutuncinka.

4. Koya wa Inna amsa

Ranar tambayoyi ka tambaye ta ko a makon nan ta iya karanta maganinta. Amsar da ilimi ke buƙata ita ce a'a. Za ta ce ƙwarai kuwa, har ta gano ashe bayan cin abinci ake sha. Ƙifta mata ido. Za ta ce ko kai ma idon ya fara damunka ne, ta san inda ake samun aro. Rubuta amsar haka nan, ko da yake ka san za ta iya hana ta samun nata tabarau har abada.

5. Ranar sakamako, zauna kusa da ƙofa

Za a tara dattawa a ajin makaranta, gwiwoyinsu na gugar teburan yara. Babban jami'in da ya zo daga ofis zai ce abin mamaki, rukunin biyu duk suna gani daidai, saboda haka tabarau bai ƙara komai ba. Zai ɗauko takardar rufe shirin, ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu, ya tuna ya baro nasa a gida. Zai nesanta takarda har hannu ya ƙare.

Sai Inna ta buɗe jakarta.

"Ungo, ɗana. Amma ka hanzarta, na Gwaggon yara ne, kuma mai wanki na jira."

Zai tambaye ta wane rukuni take.

"Na waɗanda aka ce kada su gani."

6. Ƙura wa silin ido

Jami'in zai saka tabarau, ya dubi ajin, ya nemi duk wanda ya taɓa cin aro ya ɗaga hannu. Har mai gadin makaranta zai ɗaga ta taga. Zai ninke takardar a hankali, ya ce shiri dai ya yi aiki, bincike ne ya lalace, a raba wa kowa. Sannan zai nemi sanin wane ne aka ɗora wa aikin hana aro tsakanin rukunan. Ci gaba da kallon silin, Inna za ta nuna ka da alfahari.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa in an sallame ka daga aiki, ko in Gwaggo ta riƙa ba da labarinka a duk inda ta zauna. Haka kuma babu hannunsa a abin da zai biyo baya: Inna za ta samu nata, sabo fil, za ta kuma aika da shi aro wa ƙawarta a unguwar gaba, inda aka fara sabon bincike.