Darasin da Na Koyar a Kufanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau dutse da 'yan ajina don in nuna musu ilimi. Shekaru kaɗan ne kafin mulkin kai, ina sabon malami a wata firamare a Zuru, ban cika wata uku da dawowa daga kwalejin horon malamai ba. Gajeren wandona ya sha guga, safa har gwiwa, alƙalami uku a aljihun riga (biyu ba su rubutu, amma wa zai sani?).

A kwaleji wani Bature ya koya mana labarin ƙasa. Shi ya gaya mana cewa duwatsun ƙasarmu ba haka suke ba tun farko. Wai a can da, ƙasa ta tsuke ta yamutse kamar kauɗar tumatir, sai tsakiyar Afirka, nesa da kowane teku, ta tashi ta zama tsaunuka masu taɓa gajimare. Ruwa da iska suka yi ta cinsu shekaru miliyoyi, har ya zama sai kututture ya rage. Wannan kututturen shi ne duwatsun da suka kewaye mu. Maganar ta shige ni ƙwarai. Na dawo gida ina jin duk ƙasar Zuru ni kaɗai na san sirrinta.

Abin da ban cika faɗa wa mutane ba a lokacin shi ne, a kan dutse aka haife ni, a wani ƙauye wajen Dabai. Mahaifiyata ta rasu ina shekara shida. Babana soja ne, ya tafi ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu bai dawo ba. Kawuna ya sauko da ni gari ya sa ni makaranta, daga baya mutanen ƙauyen ma suka sauko ƙasa suka bar wurin kufai. Ban sake hawa ba. Kunya nake ji a ce mini ɗan kan dutse. Har doka na kafa a ajina, duk wanda ya yi C'lela, yarenmu, shi zai share fili ranar (yaren ya fara kufce mini, kuma ba na so yara su gane).

Bayan an gama girbi na roƙi hedimasta, Malam Garba, wani dattijo mutumin Argungu, ya bar ni in kai 'yan aji huɗu su ga darasin da idonsu. Ya ce shi ma zai zo ya ƙaru. Na ari guduma wajen maƙeri. Dutsen da na zaɓa kuwa namu ne, don shi kaɗai na san hanyarsa, amma ban gaya wa kowa ba.

Muka hau da hantsi. A sama muka tarar da rusassun katangu, ciyawa ta rufe komai. Wallahi ban gane gidanmu ba. Na tsaya kan wani tudu na buɗe murya. Na shimfiɗa tabarmar da na sa aka ɗauko, na tura ta daga gefe biyu don su ga yadda ƙasa ke tasowa. Na nuna musu layuka a jikin dutse da suka lanƙwashe kamar an murɗe zane. Malam Garba yana ta gyaɗa kai, ni kuwa kaina yana ta ƙara girma.

Sai idona ya faɗa kan wani faffaɗan dutse a gindin wata tsamiya. An share kewayensa tas (wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya). Samansa sumul, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi.

"Ku matso," na ce. "Kun ga wannan ramin? Aikin ruwan sama ne. Ɗigo bayan ɗigo, shekaru dubbai, tun babu mutum a nan. Haka ruwa ya cinye tsaunukan da na gaya muku."

Yara suka kalli juna. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Yanzu na san duk cikinsu ba wanda bai san dutsen niƙa ba, tsoron bulalata ne ya rufe musu baki.

"Bari mu ga cikinsa," na ce, na ɗaga guduma. A duka na uku dutsen ya tsage gida biyu. Na ɗauki wani ɓantare ina juya shi a rana don su ga ƙyallin da ke ciki.

A nan na ji an jefar da dami a bayana. Wata tsohuwa ce da ta hau neman itace. Gwaggo Ladi ce, ƙanwar babana, wadda na kusa wata uku a gari ban je na gaishe ta ba. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa gaban dutsen, ta sa tafin hannunta a cikin ramin, tana neman haɗa gefe da gefe. Sannan ta yi magana da yarenmu, a hankali, ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun ina yaro.

Yara suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Malam Garba ba ya jin yaren, ya juyo gare ni.

"Malam, mi tac ce?"

Na so in ce ban ji ba. Amma yara talatin sun ji, kuma sun san na ji. Dole da bakina na fassara.

"Ta ce... ba ruwa ne ya cinye shi ba. Hannun uwata ne."

Gwaggo ta ci gaba, ni kuma ina mayarwa da Hausa kamar tafinta a kotun da ake yi masa shari'a. Ta ce a nan ɗakin mahaifiyata yake. A kan dutsen nan take niƙa dawa kullum asuba, ina goye a bayanta. Ranar da ciwo ya kayar da ita ma a nan aka same ta, da gari a hannu. Da aka sauka ƙasa an kasa ɗaukarsa don nauyi, shi ya sa duk lokacin da ta hau sai ta share wurin.

"Na ce wata rana za ka zo ka tambaya, in nuna maka," in ji ta. "To, ka zo."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ɗauki daminta ta kama hanya.

Malam Garba ya karɓi gudumar daga hannuna, ya ce wa yara su yi layi su sauka. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya jiƙanta, Malam. Ka zauna kaɗan, za mu jira ka ƙasa." Na zauna a ƙasa da wandona mai guga, na yi kukan da ban yi ba ina shekara shida.

Na yi niyyar zuwa wajen Gwaggo in ba ta haƙuri, in tambaye ta yadda fuskar mahaifiyata take, don ba na iya tunawa. Kunya ta hana ni. Yau, gobe, sai an yi hutu. Da damina ta faɗi aka aiko mini ta rasu. Ita ce ta ƙarshe da ta sani.

Na shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa bayan wannan, kuma abin da Baturen ya faɗa game da tsaunukan ban taɓa samunsa ƙarya ba. Sai dai na gane mutum yana iya sanin abin da ya faru shekaru miliyoyi da suka wuce, bai san abin da ya faru a tsakar gidansu ba. Tun daga ranar, in na yi bayani na ga aji ya yi tsit, ba na ɗauka burge su na yi. Tsayawa nake in ce, "To, wa zai gaya mini abin da kowa ya sani ban da ni?"