Ranar da Kwalekwalen Baba Ila Ya Yi Ribas

Ba zan taɓa mantawa da daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ba. Lokacin na dawo Gaya daga Kano bayan na yi wata biyar a garejin manyan motoci (gaskiya miƙo sifana na fi yi), amma a gari ba na amsa kowane suna sai Injiniya.

Akwai wani dattijo, Baba Ila, mai fito a kogin da ke tsakaninmu da Ajingi. Tun tasowarsa da gora yake tura kwalekwale, sai ɗansa da ke Ikko ya aiko masa da wani tsohon inji ya ɗaura a baya. Ni kuwa 'yarsa Hajara nake nema, kuma labari ya iso ni cewa ya ce ba zai ba da ita ga mai zaman kashe wando ba, sai ya ga sana'a da idonsa. To, ga sana'a, ga ido.

Injin lafiyarsa ƙalau, yana dai tafiya a natse kamar mai shi. Na je bakin kogi na durƙusa na gai da Baba, na kasa kunne ga ƙarar injin ina girgiza kai.

"Baba, wutarsa ce ba ta zuwa da wuri. In na gyara masa taimin, kafin fasinja ya gyara zama kun haye."

"Yaro, ni ba sauri nake ba," in ji shi. "Amma tunda ka yi karatun abin, ga ka ga shi."

Na cire filogi na goge, na daidaita bakinsa da reza. Na buɗe kan injin na matsar da wutar gaba, yadda na ga maigidana yana yi wa motoci. Sai zuciya ta ce mini in kaɗan na da amfani ai da yawa ya fi, na ƙara matsarwa. (Abin da ba a koya mini a gareji ba: irin wannan ƙaramin injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, idan wuta ta zo masa da wuri sosai, yana iya tashi ta baya. Kuma wannan ba shi da giya, yana tashi sai tafiya.) Ban gwada shi ba. A ganina gwaji na masu kokwanto ne.

Washegari ranar kasuwar Ajingi ce. Na zo da farar riga da na sha wahalar guga, bakin kogi cike da jama'a, har da Hajara da ta kawo wa babanta fura. Aka loda buhunan gyaɗa, da wata Bafulatana da ƙwaryar nono. Aka juya hancin kwalekwale ya fuskanci tsallake. Na tsaya a baya na naɗa igiya, har da cewa kowa ya riƙe hularsa.

Na fizga. Injin ya yi tari, ya kama da wata irin ƙara, sai kwalekwale ya zabura da baya. Na tafi da baya na zauna daram cikin ƙwaryar nono. Kafin in miƙe, gindin kwalekwalen ya daki gaɓar da muka baro, ni kuma na wuntsila cikin laka. Sauri kam an yi shi, ban yi ƙarya ba.

Wani daga cikin masu jiran fito ya ce, "Gwamnati ta ce a koma dama, shi Injiniya ya koma baya." Na so ƙasa ta tsage. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Hajara, wadda ta rufe baki da gyale kafaɗunta na rawa don dariya.

Baba Ila ya kashe injin, ya ba Bafulatana haƙuri, ya zaro tsohuwar gorarsa ya miƙo mini.

"Tashi, yaro. Kasuwa ba ta jira."

Yinin ranar ni na yi ta tura kwalekwale, sawu goma sha ɗaya, da nono da laka a jikina, har tafin hannuna ya yi bororo. Da la'asar ya dubi hannun nawa ya ce, "To, yau na ga sana'a. Ka ce wa kawunnanka su zo."

Ya ba ni Hajara, amma har ya koma ga Allah bai ƙara bari na taɓa injin nan ba. Sunan Injiniya kuwa a lakar nan ya tsaya, yau har jikokina Malam Ribas suke ce mini. Tun daga ranar, in na ga abu na tafiya lafiya, sai in yi masa sannu in wuce.