Tsugunon da Na Yi wa Kawu a Hanyar Aliero

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna wa Kawu Bawa a bakin titin Aliero ba, ko da yake, don kada in ɗauki alhakin kowa, gara in faɗa tun yanzu cewa wasu abubuwan sun dusashe mini. Ban tabbata ko Asabar ce ko Lahadi ba. Ban tabbata ko mu nawa muka tashi tseren ba. Abin da na tabbata shi ne har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa, kuma ban gama yanke wanda na fi jin haushi ba, shi ko ni.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Maiyama (ko in ce ina nan dai a takarda). A shekarata ta biyu da fara aiki tari ya kama ni ya ƙi saki, aka auna aka ce tibi ne, wato tarin fuka, aka dawo da ni Jega wurin Inna. Wata shida ina haɗiyar ƙwayoyi kowace safiya, ban tsallake ko kwana ɗaya ba, ina da ɗan littafin da nake sa alama a ciki wanda duk mai shakka zai iya zuwa ya duba. Daga ƙarshe aka sake gwajin kaki, likita ya ce na warke, ya rubuta ya buga hatimi.

Kawu Bawa yayan Inna ne, dillalin albasa a Aliero, kuma tun rasuwar Baba maganarsa ce ake bi a gidanmu. Na kai masa takardar da hannu biyu. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"Takarda ba ta tari," ya ce. "Ni wuyanka nika dubi. Dibi wuya kamar na balbela. Ba ka komawa Maiyama ka zamna kai ɗai cikin ɗaki, alli na shiga maka ƙirji."

Na dubi Inna. Ta ce, "Abin da Yaya ya ce ke nan."

Mutum da digirinsa, da gemunsa, an zaunar da shi ana dama masa kunu. Shugaban makarantarmu kuwa ya aiko cewa zai riƙe mini ajina zuwa farkon zango mai zuwa, bayan nan ba zai yi alkawari ba. Watakila wani mai ƙarfin hali da ya ɗauki jakarsa ya tafi abinsa. Ni ba irin wannan ba ne. Ni sai na zauna ina neman hujja.

Hujjar ta zo ta hannun maƙwabcinmu Mista Bitrus, mutumin Zuru, malamin motsa jiki a wata makaranta a Jega. Shi ya fara fita da ni bayan asuba muna taka ƙafa a hanyar Maiyama, daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa gudu. Sai da na koma wurin likita sau uku ina tambaya ko babu matsala, har ya ce in na sake zuwa da wannan tambayar zai aika ni wani ɓangaren asibitin. Makon farko ko gidan mai na bakin gari ban iya kaiwa sai na dafa gwiwa, ƙirjina yana fito kamar an huda taya. Bayan wata uku ina awa guda da wani abu ban tsaya ba. Da muka ji wata ƙungiyar matasa ta shirya tsere daga Aliero zuwa Jega, sai na ce shi ke nan. In Kawu ya gan ni na taso daga garinsa na shigo Jega da ƙafata, ina son in ji da wane baki zai sake kirana mara lafiya.

Amma fa gudu a Jega ba ƙirji kaɗai yake ci ba, har da haƙuri. Mutanenmu ba su yarda baligi yana gudu ba tare da an biyo shi ba. Ɗan kabu-kabu zai rage tafiya ya jera da kai: "Malam, lahiya? Wa ya rasu? Hau in kai ka." Wanda ya san na yi jinya kuwa ya fi muni. Dattijo zai fito daga masallaci ya tsaya tsakiyar hanya: "A'a, ɗan Inna! Ya jiki? Da sauƙi dai?" Ni kuma sai in ci birki in rusuna in ce da sauƙi, alhali sauƙin ne nake ƙoƙarin nuna masa ya tare ni. (Na ƙirga, akwai safiyar da aka tambaye ni jiki sau tara kafin in yi gumi.)

Wannan ne ya sa Mista Bitrus ya kafa mini doka.

"Malam, ranar tsere ba gaisuwa. In ka yi nisa ka tsaya farat ɗaya, balle ka tsuguna, jijiya za ta ɗaure ka. Ko gwamna ka gani, ɗaga masa hannu ka wuce."

Na ce na ji. Har na rubuta a littafina na ja layi biyu a ƙasa.

Na je da kaina na gayyaci Kawu, na roƙe shi ya jira a shataletalen Jega inda za a ƙare. Ya ce, "Mu gani." Na gayyaci malamai abokan aikina daga Maiyama, har da mataimakin shugaba, don su koma da labari. Duk ni na tara su. Wannan ɓangaren ba ni da wanda zan ɗora wa.

Ranar tsere na sa dogon wando (gajere ya fi ƙarfin kunyata), aka manna mini lamba sha bakwai a ƙirji, aka busa usur. Ba zan yi ƙarya in ce ina gaba ba, amma ba ni ne na ƙarshe ba, kuma numfashina yana tafiya daidai, ba fito, ba tari. Mun wuce gonakin albasa, mun wuce mahaɗar wasu ƙauyuka, rana ta fara ɗagowa. A iya tunawata mun ci fiye da kashi biyu cikin uku na hanya, don har na fara hango dogayen ƙarafan sabis na Jega. Ban taɓa jin daɗin jikina kamar a wannan lokacin ba tun da na kwanta.

Sai ga wata a-kori-kura shaƙe da buhunan albasa an faka ta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. A jikinta Kawu ne tsaye da carbi, da abokansa dillalai biyu, da direba. Ashe bai ga dalilin da zai je ya jira a Jega ba tunda shi ma can zai kai kaya. Ya tsaya ne ya gani da idonsa.

Na tuna dokar Mista Bitrus. Wallahi na tuna. Har hannuna ya fara ɗagowa. Amma tun da aka haife ni ban taɓa gaishe da Kawu a tsaye ba, balle in ɗaga masa hannu kamar wani ɗan takara, kuma a gaban abokansa. Kafin azahar Inna za ta ji cewa boko da gudu sun cire mini tarbiyya. Ina cikin wannan lissafin ƙafafuna suka yanke hukunci ba da shawarata ba. Na ratse, na zube, na tsuguna har ƙasa.

"Kawu, ina kwana."

Da ya ce lafiya lau, je ka, da watakila na tsira. Amma Kawu bai san gajeriyar gaisuwa ba.

"Lahiya lau. Ya jiki? Ya gajiya? Ya ka baro Innarka? Madalla. To ba ka ga Alhaji Mamman ba? Gaishe shi mana."

Na juya a tsugune na gaishe da Alhaji Mamman. Shi ma ya tambayi jiki, ya tambayi Inna, ya ba da labarin wani ɗan ƙanensa da ya yi irin ciwona bai tashi ba. Na juya na gaishe da na biyun. 'Yan tsere suna ta wucewa ta bayana, ina jin takunsu ɗaya bayan ɗaya, har da wani mai tumbi da na wuce tun a Aliero.

Da aka sallame ni na yunƙura in tashi. Ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Cinyoyina biyu da dambubuna suka ɗaure tamau kamar an zuba musu siminti. Na sake yunƙurawa, sai na kife gefe guda a dunƙule, yadda nake a tsugune, kamar kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Ƙura ta shiga mini maƙogwaro. Na yi tari.

Guda ɗaya. Ina son a rubuta wannan, tari ɗaya ne.

"Innalillahi! Ciwon ya tashi!" in ji Kawu. "Ban hwaɗi ba? Alhaji, ban hwaɗa maka ba? Ku kama shi!"

"Kawu, jijiya ce kawai, a ba ni minti biyar..."

"Yi shiru! Mara lahiya ba shi gardama."

Suka ɗauke ni su huɗu, a dunƙule, suka aza bisa buhunan albasa. Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ni da ita a cikin wannan zafin, wai kada iska ta shige ni. Direba ya ɗora hannu a kan ham bai ɗaga ba. Muka wuce mai tumbi. Muka wuce na tsakiya. Muka wuce na gaba-gaba, 'yan siraran yaran nan da suka yi shekaru suna atisaye, ɗayansu yana nuna ni yana ihu, "Maguɗi! Ga lamba nan a ƙirjinsa!"

Hanyar asibiti kuwa ta shataletale ta bi. Jama'a sun cika, an ja kirtani ana jiran na ɗaya, sai ga mu. Motar ta tsinke kirtanin. Wasu da ba su ga abin da ke faruwa ba suka fara tafi. Mai lasifika ya leƙo ya ce, "Jama'a, lamba sha bakwai ya iso... amma bisa albasa." Kawu ya zuro kai ta taga, da muryar da yake ciniki da ita a kasuwa: "Ku ba da hanya! Mai tarin nan ne, ya tashi mishi!" Mutane suka dare, wasu suna toshe hanci da hula. Mataimakin shugaba yana tsaye a layin farko, muka haɗa ido.

Mista Bitrus ya biyo motar a guje, agogo a hannu.

"Malam! Ka tsuguna ko?"

"Na tsuguna."

"Ban ce maka ko gwamna ne ba?"

"Ba gwamna ba ne, Kawu ne."

A asibiti wata nas ta murza mini ƙafa, ta ba ni ruwan gishiri da sukari, likita ya saurari ƙirjina ya ce ba komai, jijiya ce. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Alhamdulillahi da na kawo shi da wuri." Haka ya faɗa wa Inna, haka yake faɗa a kowane suna da ɗaurin aure daga Aliero har Jiga Makera, cewa shi ya tsince ni a bakin titi rai a hannun Allah. Zango ya fara ba ni. An ba wani ajina. Shugaba ya aiko cewa in ƙara hutawa, mataimakinsa ya gaya masa abin da ya gani.

Ban daina gudu ba, kuma in an sake shirya tsere zan shiga. Sai dai na koyi cewa atisaye bai cika ba sai ka san inda kowane dattijon danginku zai kasance ranar. Tun jajibiri zan je Aliero in tsuguna wa Kawu sau biyu, in gaya masa ta biyun ta gobe ce.

Waɗanda suka halarta, in na yi kuskure a wani wuri, don Allah a gyara mini. Musamman batun hawaye. Kawu yana cewa kuka nake a bayan mota, ni na ce albasa ce, ko da yake na yarda albasar da ke cikin buhu ba a yanka ba ba ta cika sa hawaye ba. Mai gyara ya same ni a gida wurin Inna. Kowane lokaci ya zo zai tarar da ni.